Horon Allah da bulalar uba, ɗaya suke?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina da ɗa mai shekara 11. Sau biyu ke nan yana ɗaukar kuɗi a jakar mahaifiyarsa, in an tambaye shi ya rantse ba shi ba ne. Duka biyun na zane shi sosai. Yanzu ya daina yi mini magana, da ya ji motsina sai ya shige ɗaki. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ce kada in sassauta, ai Ubangiji ma wanda yake ƙauna shi yake horo. Amma hankalina bai kwanta ba. Haka Allah yake horon 'ya'yansa? Ko kuwa halin yaron nan horo ne Allah yake yi mini saboda wani zunubina?

Amsa: Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don in ba a sauke maka wannan nauyin ba, sauran maganar ba za ta shige ka ba.

Ba kowace wahala ba ce sakamakon zunubi. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, sai ya ce ba shi ba ne, ba iyayensa ba ne (Yahaya 9:1-3). Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin ubansa ba, uba ma ba zai ɗauki na ɗansa ba. A Ishaya 1:2 kuwa Allah da kansa ne yake kuka, ya ce ya goyi 'ya'ya ya rene su, suka tayar masa. In har kangarewar ɗa hujja ce ta laifin uba, me za mu ce a nan? Idan akwai zunubin da ka sani, ka tuba, ba sai ka jira ɗanka ya yi sata ba. In babu, kada ka ƙirƙiro wa kanka.

Ayar da dattijon ya kawo gaskiya ce, tana cikin Ibraniyawa 12:6, marubucin kuma daga Karin Magana 3:11-12 ya ɗauko ta. Sai dai a duba su wa aka rubuta wa. Sura ta 10 ta nuna masu bi ne da aka wulaƙanta a bainar jama'a, aka ƙwace musu dukiya saboda bangaskiyarsu. Ƙarfafa su ake yi, ana ce musu Allah bai yashe su ba, 'ya'yansa ne, yana amfani da wannan tsanani ya gina su. Maganar ta'aziyya ce ga waɗanda suka gaji. Mu ne muke ɗauko ta mu mai da ita lasisin duka.

Ka ci gaba zuwa aya ta 10 a Ibraniyawa 12. Ta ce iyayenmu na duniya sun hore mu na ɗan lokaci yadda suka ga ya dace, Allah kuwa don amfaninmu yake yi, domin mu sami rabo cikin tsarkinsa. Wato nassin da kansa ya bambanta biyun. Uba yakan yi kuskure. Yakan dawo gida a gajiye, ko kunyar abin da mutane za su ce ta kama shi, sai ya huce a jikin yaro ya kira abin tarbiyya. Allah ba ya huce haushi a kan 'ya'yansa, don hukuncin zunubinmu ya riga ya sauka a kan Almasihu, shi ya sa Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikinsa. Abin da ya rage gyara ne. Aya ta 11 kuma ta ba da ma'auni: horo yana da zafi a lokacinsa, amma daga baya yakan haifar da salama da adalci. To, auna naka. Bayan dukan farko, satar ta tsaya? Ba ta tsaya ba, ƙarya ce ta ƙaru, yaron kuma ya koyi ɓuya.

Ba ina cewa ka zuba masa ido ba ne. Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi, Littafi Mai Tsarki ma bai raga wa iyaye masu sakaci ba. An ce sarki Dawuda bai taɓa tsawata wa ɗansa Adonaija ba, ko da tambayar me ya sa ka yi haka (1 Sarakuna 1:6), ƙarshenta ya nemi naɗa kansa sarki uban yana da rai. Eli firist ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas faɗa da baki, amma ya bar su a bakin aikin firist suna ta'asa, Allah kuwa ya kama shi da laifin rashin hana su (1 Sama'ila 3:13). Lura, manya ne su, ba sanda aka rasa a gidan Eli ba, mataki aka rasa.

Game da ayoyin sanda, irin su Karin Magana 13:24 da 22:15, masu bi sun rabu. Wasu na ɗaukar su kai tsaye, wasu na ganin sandar alama ce ta ikon iyaye da tsawatarwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 cewa iyaye su guji duka da kunyata yaro, domin ba ya gyara hali a kan dogon lokaci, yana ma ƙara wa yara zafin rai. Ko wane ɓangare ka tsaya, Sabon Alkawari ya ja wa ubanni layi sau biyu: kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi (Afisawa 6:4), kada su matsa musu har su karai (Kolosiyawa 3:21). Duk dukan da ya bar tabo, ko aka yi shi cikin fushi, ya wuce horo ya zama cuta. A ganina, a kan wannan yaron, ka ajiye bulalar. Ka gwada ta, ka ga abin da ta haifar.

Dubi yadda Allah ya yi a Farawa 3. Adamu ya yi laifi ya ɓuya, Allah ne ya je nemansa. Da tambaya ya fara: ina kake, me ka yi? Bai janye sakamakon ba, an fitar da su daga gonar, amma kafin nan ya yi musu tufafi na fata ya suturta su.

Kai ma ka je ka same shi. Ka zaɓi lokacin da ranka yake a kwance, ku biyu kawai, ba a gaban ƙannensa ba. Ka zauna, kada ka tsaya a kansa. Ka ce masa, "Abin da ka yi laifi ne, ba zan ce ba laifi ba ne. Amma yadda na doke ka ya wuce kima, ka yafe mini." Wannan ba ya rage maka girma. Wataƙila ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa bai ce komai ba. Kada ka matsa, ka sake komawa bayan kwana biyu.

Sannan sakamakon ya dace da laifin. A Shari'ar Musa ɓarawo biya yake yi (Fitowa 22), Afisawa 4:28 kuma ta ce mai sata ya daina, ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin taimakon wani. Ku lissafa abin da ya ɗauka, ya biya a hankali daga ɗan kuɗin da ake ba shi ko ta wani aikin da kuka yanka masa, ya miƙa wa mahaifiyarsa da hannunsa, ya nemi gafararta. Ka kuma sanar da shi cewa in ya faɗi gaskiya da kansa, hukuncin zai yi sauƙi, kuma ka cika wannan alkawari. Da an biya, magana ta mutu. Kada kowa a gidan ya kira shi ɓarawo, ko da wasa.

Kai da mahaifiyarsa ku daidaita bakinku tukuna kafin ku zauna da shi, ku yi addu'a tare. Kuma ku bincika inda kuɗin yake zuwa. Yaro mai shekara 11 yakan ɗauki kuɗi don kwaɗayi, amma yakan ɗauka kuma don wani babba a makaranta yana tsorata shi yana karɓewa, ko don ya sayi abokai. In haka ne, sai ku je ku ga malaminsa.