Me ya sa water ta zama aikatau a wannan jimlar?

Tambaya: Salamu alaikum mushe. Ni ɗaliba ce nan Tahoua, bana zan yi jarrabawar BEPC. An ba mu jimlar Ingilishi, They water the onions every morning, aka ce mu faɗi ajin kowace kalma, na rubuta water suna ne tunda dai ruwa ne, sai na ga jan biro a kayena. Ina kuskuren?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Malaminki yana da gaskiya, amma kar ranki ya ɓaci, wallahi yara da yawa nan suke faɗawa kuma dalilin a fili yake. Mu da Faransanci muka fara lakwal, can eau daban arroser daban, da Hausa ma ruwa daban ban ruwa daban, to shi Ingilishi sai ya ɗauki kalma guda ya sa ta aiki biyu ko harafi ɗaya bai canza ba, shi ya sa haddace jerin kalmomi ba ya fisshe ki, gurbin da kalma ta zauna za ki duba.

Kullum ki fara neman aikatau. They su ne masu aikin, onions albasa ce ake yi wa aikin, irin ta mutanen Galmi ke nan, to me ke tsakani in ba aikin ba? In kina shakka ki mayar da maganar jiya, za ki ga ta koma They watered the onions, duk kalmar da ta karɓi ed na lokacin da ya wuce aikatau ce. Amma a The water is cold, ga the a gabanta, ga is ta riƙe gurbin aikatau, nan kam suna ne.

Littattafai sun saba lissafa aji 8, suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau da sauransu, ki san su, amma ni inda na fi damuwa shi ne sifa. A Ingilishi galibi kafin suna take zuwa kuma ba ta ɗaukar s, red onions ake cewa, ba kamar oignons rouges ba. Kuma kar ly ta ruɗe ki, slowly bayanau ne, friendly kuwa sifa ce.

Sauran jimlarki, they wakilin suna, morning suna, every tana fayyace shi, su biyun tare suke faɗin lokacin da ake ban ruwan.