Harbin Jelifish a Bakin Teku: Ruwan Ledar Ne Ya Ƙara wa Yaronki Zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, aikin maigida ne ya dawo da mu Agege shekara biyu ke nan. Washegarin Babbar Sallah ya kwashe mu zuwa bakin teku wajen Lekki don yara su ga ruwa. Ɗana mai shekara bakwai yana wasa a inda ruwan bai wuce gwiwarsa ba, sai muka ji ya ƙwalla ƙara. Da aka ɗauko shi muka ga wani abu kamar zare mai yauƙi, shuɗi-shuɗi, ya naɗe masa ƙwauri. Na fasa ruwan leda biyu na wanke wurin, na goge da tawul, amma sai ihun ya ƙaru, tafin hannuna ma ya kama raɗaɗi. Wani ya ce a yi masa fitsari a wurin, wani ya ce a zuba kananzir, muka ƙi. Ya yi kwanaki da shata kamar an zane shi da bulala. Yanzu ya warke, amma hankalina bai kwanta ba. Mene ne wannan abu, kuma me ya kamata in yi?
Daga wata uwa a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah Ya ƙara wa yaro lafiya. Ki daina zargin kanki, domin abin da kika yi ni ma na taɓa yin sa. Shekarata ta farko a Legas, ga takardar shaidar aikin jinya a hannuna, ɗan yayata ya fito daga ruwa yana riƙe da damtse yana tsalle. Na juye masa gorar ruwan sanyi, na sa gefen mayafina na murza wurin. Ina kallo siririn jan layin da ke damtsensa ya bazu ya zama faci guda, yaro yana kiran sunana yana kuka. Har yau idan na tuna sai in ji zuciyata ta sosu. Mu mutanen tudu ne. Mun tashi da sanin kunama da maciji da zuma, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana abin da ke cikin teku.

Turawa suna ce wa wannan halitta jelifish, Larabawa kuma ƙindilul bahar, wato fitilar teku. Ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma wajen kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. A cikin teku sai ki ɗauka farar leda ce ta kumbura tana yawo, da zaruruwa suna reto a ƙarƙashinta. Kalar da kika kwatanta ta fi kama da ta wani ɗan'uwansa mai 'yar balan-balan shuɗiya da ke shawagi a saman ruwa, iska tana kaɗa ta har gaɓa. Zaren wannan yakan kai mita 10, wani ma har 30, shi ya sa sau da yawa mutum zai ji harbin bai ga abin da ya harbe shi ba.

Ga inda ilimin kunama yake yaudarar mu. Kunama ƙari ɗaya gare ta. Ta harba, dafi ya shiga, ta yi gaba, babu abin da ya rage a kan fata. Shi kuwa zaren jelifish mannewa yake yi, kuma a jikinsa akwai dubban ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace da 'yar allura a naɗe a ciki da ɗigon dafi. Lokacin da aka ɗauko miki yaronki, wasu sun riga sun harba, amma da yawa suna nan a ɗane kamar tarko, suna jiran abin da zai taɓa su. Murza tana tayar da su. Ruwan da ba shi da gishiri ma yana tayar da su, saboda a ruwan gishiri suka saba zama, da sun ji canji sai su fashe. Ruwan ledan nan biyu da tawul ɗin su suka harba masa ragowar, kuma su suka kai miki su tafin hannu.

To idan Allah Ya sake kawo irin wannan, a fara fitar da yaro daga ruwa, domin raɗaɗi da firgici suna iya sa ko babba ya nitse. A zaunar da shi, a riƙe masa hannuwa kada ya sosa, wannan shi ne mafi wuya ga yaro. A ɗebo ruwan tekun a kwano ko a gora, a riƙa kwarara shi a hankali a kan wurin. Sannan a cire zaren da ake gani da hantsaki ko matsefata, a ɗago shi sama a yar. In babu, a zura hannu cikin leda mai kauri a tsince, ko a ɗago shi da gefen katin banki. Ɗagowa na ce, kada a kankare kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Kada a shafa yashi, kada a ɗaure da tsumma kamar yadda wasu suke yi wa saran maciji, kada a tsaga.

Bayan an tabbatar zaren ya fita sai maganin raɗaɗin, kuma shi ne ruwan zafi. Na san wannan zai ba ki mamaki, tunda wuri yana zogi kamar wuta hankali ƙanƙara yake nema. A shekarar 2006 likitoci a birnin Niyukasil na ƙasar Ostireliya sun wallafa gwajin da suka yi a bakin teku kan mutum 96 da irin shuɗin nan ya harba. Wasu aka tsoma musu wurin a ruwa mai zafin digiri 45, wasu aka ɗora musu ƙanƙara. Bayan minti 20, kashi 87 cikin ɗari na masu ruwan zafi sun sami sauƙi, na masu ƙanƙara kuwa kashi 33 ne kacal. Don haka a tsoma wurin a ruwan zafi na minti 20 zuwa 45, ana ƙara wani idan ya huce. A wannan matakin ruwan famfo ba shi da laifi, tunda an riga an kawar da zaren.

Ba wanda yake zuwa bakin teku da ma'aunin zafi, saboda haka ga yadda nake yi. In akwai filas ɗin shayi ko mai shayi a kusa, a karɓi ruwan a sirka a bokiti. Ke babba ki tsoma hannunki har gwiwar hannu ki bar shi a ciki. Idan kika ji zafi sosai amma kina iya jurewa ba ki fizge ba, ya yi. Ga yaro a ɗan ƙara sirkawa, domin fatarsa ta fi taki laushi, kuma wanda yake cikin raɗaɗi ba zai iya bambance zafin dafi da na ƙuna ba. Na taɓa wanke ƙunar ruwan zafi a ƙafar wata yarinya da ta fi harbin muni nesa ba kusa ba, kuma da kyakkyawar niyya aka yi mata. Idan a baya ne ko a ciki, inda ba ya tsomuwa, a jiƙa tawul da ruwan zafin a ɗora ba tare da gogawa ba. A ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Kada a ba yaro asfirin.

Mafi yawan harbin iyakarsa ke nan: raɗaɗi na awa ɗaya ko biyu, shata da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko minti ɗaya. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko fuska da leɓe da harshe suka kumbura, ko ƙirji ya riƙe, ko aka fara amai da jiri da gumi, ko jijjiga, ko suma, a nufi asibiti nan take. A Legas ana kiran 112 ko 767. Haka kuma idan harbin a ido ne, ko a baki, ko a al'aura, ko ya ci wuri mai faɗi a jiki, ko jariri ne, ko tsoho mai ciwon zuciya. Wanda ya faɗi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana yi ana neman mota. Ko da komai ya lafa, ki sa ido a kan yaro na awa biyu, domin akwai nau'in da dafinsa sai bayan kamar rabin awa yake tashi da ciwon baya da amai.

Abu ɗaya da nake roƙon ki gaya wa yaranki kafin ku koma: duk abin da suka gani a kan yashi mai kama da leda ko balan-balan, kada su ɗauka, kada su taka. Jelifish ya mutu amma zarensa yana harbi, ko da ya tsinke ya bushe a rana. Idan kuka iso kuka tarar da su birjik a gaɓa, ranar ba ta shiga ruwa ba ce.

TAMBAYA: Anti, ni ɗalibi ne a Maleshiya. Abokaina sun ce fitsari ne maganin harbin jelifish, wasu kuma sun ce ruwan khal, wato ruwan tsamin girkin nan da Turawa suke kira vinegar. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Ƙanina, fitsari ka cire shi daga lissafi. Ba ya kashe dafin, kuma idan tsinkakke ne yana iya fasa ƙwayoyin kamar yadda ruwan famfo yake yi, ga najasa a kan fatar da ta riga ta ji rauni. Haka kananzir, fetur, man goge baki, barasa da turare.

Ruwan khal kuwa magana ce ta gaske, musamman a inda kake. A tekunan Maleshiya, Tailan, Filifin da arewacin Ostireliya akwai jelifish mai jiki kamar akwati, wanda babbansa zarensa yakan kai mita 3, kuma dafinsa yana iya tsayar da zuciya cikin 'yan mintuna. Ga wannan nau'in, a kwarara khal ɗin girki a kan zaren na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a taɓa shi, wani kuma yana kiran motar asibiti, lambar can 999 ce. Ka sani cewa khal ba ya rage raɗaɗi. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin da ba su harba ba su harba. Ga wasu nau'o'in masana sun rabu: hukumar lafiya ta Ingila ta ce kada a yi amfani da shi a tekunsu, alhali wani bincike na 2017 da masana daga Hawayi da Ayilan suka yi ya nuna yana da amfani ga shuɗin nan mai balan-balan. Shi ya sa ban sa shi cikin amsar 'yar'uwarmu ta Agege ba. Kai kuwa ka sa kwalba ɗaya a jakarka duk ranar da za ku bakin teku, ka karanta allunan gargaɗi, kuma ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando na iyo, domin allurar ba ta cika huda tufa ba.

TAMBAYA: Hajiya, jelifish ya harbe ni a Jidda mako biyu da suka wuce. Wurin ya warke, sai ga ƙaiƙayi da ƙuraje sun dawo a daidai shatar. Dafin ne bai fita ba?

AMSA: Alhaji, ba sabon dafi ba ne, jikinka ne yake mayar da martani a makare, kuma hakan yana faruwa ga wasu bayan mako ɗaya ko fiye. Ka shafa man hydrocortisone sau biyu a rana na 'yan kwanaki, ka sha maganin ƙaiƙayi irin loratadine, ka yanke farce, ka rufe wurin daga rana don kada tabon ya yi baƙi. Idan ya fara ruwa ko mugunya, ko ja yana yaɗuwa da zafi, ko zazzaɓi ya zo, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ka je likita ya gani a ranar. In kana da ciwon suga, kada ma ka jira waɗannan alamun.