Kullum ni ce ta ƙarshe a cin abinci, kula da jikina son kai ne?

TAMBAYA: Salama Anti. Ni uwa ce mai yara huɗu, shekaruna 41, ina koyarwa a wata firamare a nan Gombe, muna zaune a Tumfure. Ina cikin shugabannin zumuntar mata a ikilisiyarmu, ina kuma waƙa a kwaya. Kusan shekara guda kenan kullum a gajiye nake, in na miƙe sai jiri, in na ɗan yi sauri sai haki, amma kuma jikina ƙaruwa yake yi. Da safe shayi da biredi in na samu, da rana minaral da cincin a makaranta, da dare sai na gama zuba wa maigida da yara sannan in ci abin da ya rage. Ga azumin kwana 21 na farkon shekara ya matso. Da na ce zan je asibiti wata 'yar'uwa ta ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, ni kuma ko ƙwai na saya don kaina sai in ji kamar na zalunci yara. Don Allah me zan riƙa ci, kuma laifi ne mace mai bi ta damu da jikinta?

AMSA: Salama 'yar'uwata, sannu da ɗawainiya, sannu da yara. Bari in fara da abin da ba zai jira ba kafin mu zo kan tukunya. Ki je asibiti cikin satin nan, kar ki bari sai an yi albashi ko sai an gama shirin Kirsimati. Gajiya da jiri da haki a mace mai shekarunki, abu na farko da muke tunani shi ne ƙarancin jini, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Ƙiba ba ta hana shi fa, mace za ta cika zane amma jininta ƙasa yake. Ki ce a auna miki yawan jini, a auna hawan jini da suga, kuma ki faɗa wa likita gaskiyar yadda al'adarki take zuwa, kwana nawa, ko da gudaji, sau nawa kike canza audugar mata, domin a wannan shekarun jini mai yawa ko ƙari a mahaifa kan kwashe jinin mace a hankali ba ta sani ba. Babu miyar da za ta cike abin da ke zuba duk wata in ba a tare shi ba.

Ita kuwa 'yar'uwar da ta ce bangaskiyarki ta yi sanyi, na yarda da ƙauna ta faɗa, amma ta yi kuskure, kuma irin wannan maganar tana sa mata su zauna a gida har sai an kwaso su ranga-ranga. Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus da kansa ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14. 'Yan mishan da suka kawo mana bishara da magani suka zo a hannu, asibitin Jankwano na Jos ai ikilisiya ce ta gina shi. Ki yi addu'arki, ki hau keke napep ki tafi layin ganin likita, duka biyun aikin mai bi ne.

Kan batun son kai kuma, akwai wurin da nake so ki zauna ki karanta a natse, 1 Sarakuna sura 19. Iliya, annabi guda, ya gaji har ya kwanta a gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba, bai ce ya ƙara azumi ba, mala'ika ya aiko ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa mai zafi ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa aka ce ya ƙara ci don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan ya ci ya huta sannan maganar aiki ta biyo. Yesu ma a Markus 6:31 da ya ga almajiransa ba su da sukunin ko cin abinci saboda jama'a, ce musu ya yi su keɓe su ɗan huta. To in jikinki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne kamar yadda 1 Korintiyawa 6:19 ta ce, amana ce a hannunki, kuma ban ga inda aka ce uwa ta cinye wannan amanar da sunan hidima ba. Mutanenmu ma sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da kika faɗi, waɗannan yaran huɗu su ne farkon shan wahala.

Don haka gyara na farko ba ya cin ko sisi: lokacin da kike jera kwanuka, ki jera da naki. Ki zuba naki tare da na kowa, da yankan namanki ko kifinki a kai, ba ƙanzo da ruwan miya ba. 'Ya'yanki mata suna kallonki, abin da suka ga kina yi shi za su kai gidajensu.

Abin da za ki ci kuma duk yana kasuwa, wani ma yana bayan gida. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuka, wake, waken soya, gyaɗa, riɗi, gero, dawa, acha, su ne masu taimakon jini da riƙe ciki. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir da albasa a matsa lemun tsami, ya fi cincin ɗin nan nesa ba kusa ba, kuma za ki iya haɗa shi da daddare ki zuba a ɗan kula ki tafi da shi makaranta. Gwaten acha ko fate da ganye mai yawa, dambu da zogale, wake da dankalin Hausa, alala, awara, dafaffen ƙwai guda da safe tare da kunun gyaɗa ko na gero mara suga sosai. Hanta sau ɗaya a sati tana ƙara jini ƙwarai, sai dai mai ciki ba a son ta yawaita ta. Ƙananan busassun kifi ki daka su har da ƙaya ki zuba a miyar kuka. In kin kalli farantinki, ki so ki ga ganye da miya sun ci kusan rabi, tuwon ya zama malmala ɗaya madaidaiciya, ba biyu ba.

Akwai abu biyu da mata da yawa ba su sani ba. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ayon da ke cikin abinci, shi ne kuwa mai gina jini, don haka ki bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin shayi da abinci. Shi kuwa lemu, gwaiba, gwanda, tumatir ɗanye, suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, ki haɗa su da wakenki da ganyenki. Sannan kanwar nan da muke zubawa don ganye ya yi laushi da kore, tana kashe wasu bitamin, ki rage ta, ki kuma daina dafa ganye har ya mutu.

Minaral ɗin rana shi ne nake zargi da ƙibar. Kwalba ɗaya ta gilashi tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a wuce cokali 12 a yini gaba ɗaya, in an tsaya a 6 ma ya fi. Ki lissafa da na shayin safe. Yana ba ki ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya sake ki, ki fi da gajiya. Ki koma ruwa, ko zoɓo da kika haɗa da kanki. Gishiri kuma gram 5 ne a yini, cokalin shayi ɗaya kenan, har da wanda ke cikin magi, shi magi rabinsa ko fiye gishiri ne. Ki rage a hankali ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni bakin 'yan gida zai saba. Kuma don Allah ki rabu da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a WhatsApp, yawancinsu gudawa da fitsari kawai suke sa mutum.

Azumi yanzu. Ba zan ce miki kar ki yi ba, ni ma ina yi, amma kar ki shiga sai kin ga sakamakon awo. In jininki ya yi ƙasa, ko an sami suga ko olsa, ko an ɗora ki kan magani, ki zauna da likita ki kuma sanar da Fasto ko Mama matarsa, ba abin kunya ba ne. Ki duba Daniyel 10:2-3, inda ake ɗauko kwana 21 ɗin nan, sati uku ya yi yana makoki amma ba a ce ya daina ci ba, abinci mai daɗi da nama da ruwan inabi ya bari. Ke ma za ki iya barin minaral da soye-soye da waya, ki ci abinci mai sauƙi a kan lokaci, ki ba da lokacin ga addu'a. In kuma lafiyarki ƙalau ce kika yi na yini, ki buɗe baki da ruwa da 'ya'yan itace da kunu, ki ɗan jira sannan tuwo. Azumin da babu ko ruwa na kwanaki a zafin Gombe, ban yarda da shi ga kowa ba, balle mai ciki ko mai shayarwa.

In aka ba ki ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri, kar ki tsorata ki daina, ki sha ruwa sosai ki ci gaba har tsawon da aka ce, galibi watanni ne ba sati biyu ba. Idan ƙarfi ya fara dawowa ki soma tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati, da sassafe ko bayan la'asar. Ki nemi barcin awa 7, wanda ke nufin manyan yaran su karɓi wanke-wanke, maza da mata, kuma ki zauna da maigida ki nuna masa takardar asibiti. A tsakanin kwaya da shugabancin zumunta ki ajiye ɗaya na 'yan watanni, akwai wadda za ta riƙe. Kuma tunda kina cikin shugabanni, ki kawo shawara a taro a yi karo-karo a sayi na'urar awon hawan jini, da wuya a rasa nas ko ma'aikaciyar lafiya a cikinku da za ta riƙa auna mata bayan zumunta. Duk wadda aka ga nata ya kai 140 bisa 90 fiye da sau ɗaya, a sa wata ta raka ta asibiti.