Amsa kan ziyarar kufan fadar Warkworth

Malam, ka tambaya ko kufan fadar Warkworth da ke arewacin Ingila ya cancanci ziyara, kuma a ganina ya cancanta. Fadar ta shiga hannun zuriyar Percy, wani babban gidan sarauta na yankin, a 1332, har yanzu ma tambarinsu na zaki yana sassaƙe a jikin wata hasumiya. Ɗan wannan gida ne Henry Percy, mai laƙabin Hotspur, wanda ya yi wa Sarki Henry na Huɗu tawaye aka kashe shi a yaƙin Shrewsbury a 1403, sannan a 1405 sarkin ya buɗe wa fadar wutar igwa har ta miƙa wuya. Ka fara da babban ginin da ke kan tudu, domin shi ne bai rushe sosai ba.