Mai ƙiba zai iya fara hawan keke?

Ka tambaya ko mutum mai nauyin kilo 115, wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, zai iya fara hawan keke don nishaɗi ba tare da gwiwoyinsa sun wahala ba. Zai iya, domin sirdi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin jiki, saɓanin gudu inda gwiwa ke shan nauyin a kowane taku. Ka fara da minti 15 a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sassafe, kana ƙarawa sannu a hankali har ka kai minti 150 a mako, wato abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara.

Sharaɗin da na gani a aikace shi ne tsayin sirdi, wanda yawancin masu farawa ke barin sa ƙasa saboda tsoron faɗuwa, kuma daga nan ciwon gwiwar yake zuwa. Ka sa mai gyaran keke ya ɗaga shi yadda idan feda ta sauka ƙasa ƙafarka za ta kusan miƙewa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai.