Amsar taubashina kan zamanmu a tsibirin Biyoko

Toh taubashi, ka ce in faɗa maka gaskiya wai mu da muke tsakiyar teku muna da rani da damina kuwa, ko kullum a jiƙe muke, ka kuma ƙara da cewa wanda bai sha hunturu ba ai ba Bahaushe ba ne. Na san tsokana ce irin ta ɗan mace, amma zan amsa don ba daga bakinka kaɗai nake jin wannan maganar ba.

Hunturunku yana isowa nan Malabo, babban garin tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Iskar nan ta arewa maso gabas mai kwaso ƙura daga Bodele a Chadi, idan ta gama da ku ba tsayawa take ba, tana gangarowa har ta faɗo teku, daga Disamba zuwa Fabrairu muna cikin hazo mu ma. Tsakaninmu da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne kacal, ranar da gari ya washe kana hango dutsen Kamaru ƙiri-ƙiri, amma idan hazon ya sauka ko alamarsa babu. Sai dai kafin ta iso ta sha ruwan teku ta gaji, babu sanyin nan mai sa a hura wuta da asuba, babu faso babu kaushi, leɓe ba ya tsagewa. Yarana man kaɗanya a wajensu na kitso ne kawai.

Wadda take mulkinmu da gaske ita ce ɗaya iskar, ta kudu. Tana tasowa can kudancin Atilantika wajen tsibirin Santa Helena tana kaɗawa daga kudu maso gabas, idan ta ƙetare layin tsakiyar duniya sai juyin ƙasa ya karkatar da ita ta koma kudu maso yamma, ta kwaso laimar teku ta taho. Mu ta fara duka. Kuma wlh ita ɗin ce dai take isa Kano wajen Mayu ko Yuni ku ce damina ta faɗi, wato ragowar da muka bari kuke shuka gero da ita, sai ka rage ɗaga mana kai. A kudancin tsibirin akwai ƙauyen Ureka inda iskar take cin karo da duwatsu ta juye duk abin da ta ɗauko, ruwan da ke sauka can a shekara ya kai milimita 10,000, Kano yawancin shekaru ko 1,000 ba ta cikawa. Mu a Malabo muna bayan dutsen Basile mai tsayin mita 3,011, shi yake tare mana, namu bai cika wuce 2,000 ba, amma hadari kullum, rana sai ta ga dama. Abin mamaki garin Bata da ke can ƙetaren teku a kan nahiya, ƙasa ɗaya muke, daga Yuni zuwa Agusta su suna rani mu muna marka.

To ka ga wannan shi ya sauya mana abubuwa da yawa da kuke ganin kamar lalacewa ce. Kilishi ba ya bushewa a nan, an gwada an gaji, sai tsire da balangu. Shadda idan ka ajiye a akwati ka manta sai ka tarar fumfuna ta cinye, shi ya sa kake ganina a hoto da ƴar shara kana dariya. Wata kuwa ba ma wahalar da kanmu da leƙe cikin wannan gajimaren, sanarwa muke jira. Ragon layya ta jirgin ruwa yake zuwa daga Duwala bayan ya sha doguwar tafiya daga arewacin Kamaru, idan babbar sallah ta faɗo tsakiyar damina teku yana tashi, jirage suna jinkiri, kuɗin rago sai wanda ya gani, mutane su haɗu su sayi sa. Masunta masu kwale-kwalen da ake ce wa kayuko su ma daga Yuni zuwa Satumba ba sa nisa saboda igiyar ruwan da ke tahowa daga kudu, kifi ya yi tsada, kuma guguwar farkon damina da ta ƙarshenta daga gabas take faɗowa ba sallama, ita ce ma aka fi tsoro a kan ruwa.

Ni ba a makaranta na fara sanin waɗannan ba, wajen kakata ne, wadda kuke ce wa "matar nan ta can". Bubi ce ƴar asalin tsibirin, daga tsaunukan Moka inda ake sanyi har a rufa da bargo. Tana duban kan Basile da safe ta ce kar a shanya yau, kuma ba a shanyawa. Kakanmu ya zo fatauci tun zamanin Sifaniyawa, garin ana ce masa Santa Isabel, kafin ƴancin 1968, ya tarar matan Hausawa ba su taka kara sun karya ba, to wa kake so ya aura? Ta musulunta ta koyi Hausa har tana yi mana faɗa da karin magana, tuwon masararta da miyar kuka ba na jin akwai wadda za ta raina shi a Fagge, sai dai ranar Juma'a dole a ci gwaza da kifi da manja, wannan ba ta taɓa sassautawa ba. A 1976 lokacin mulkin shugaba Masiyas da Najeriya ta turo jirage ta kwashe mutanenta, ƴan'uwa sun matsa masa ya hau, ya ce ba zai kai ta inda za a riƙa nuna ta da baki ba, kuma ba zai tafi ya bar ta ba. Aka zauna aka sha wuyar shekarun nan har aka kifar da Masiyas a 1979. Su biyun a nan aka binne su.

Abin da ke min ciwo, idan mun zo gida biki sai a ce a yi wa yara magana a hankali ba sa ji. Suna ji sarai. Suna jin Sifaniyanci da Fici (Turancin burokan nan) da ɗan Bubi, Hausarsu ta ɗan karkace irin ta Duwala, eh na yarda, amma sun yi allo, suna durƙusa wa manya, ƴata ta fari da lefe da kamu da buɗar kai aka kai ta, kuma Bafulatanin Garwa ta aura in ma wannan ne zai kwantar maka da hankali. Ƙanenta kuma yana neman wata ƴar ƙabilar Fang, uwarsa ta ƙi ni ban ce komai ba tukuna, da wane bakin zan hana.

In da gaske kake za ka zo, ka zo a Janairu, teku a kwance, hanya ba taɓo, in ka yi sa'a mu nemi masu kai mutane kudu ka ga manyan kunkurun teku suna fitowa yin ƙwai da dare. Ka taho da kuka da daddawa da kanwa, amma don Allah a roba mai murfi, na bara da aka aiko a leda mako biyu ba su yi ba. Ka gaida Gwaggo.