Manaja ya sa mini hawan jini? Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin banki ne a Kano, shekarata 38. Tun da aka kawo mana sabon manaja, da na ga kiransa a waya sai gabana ya faɗi. Yana yi mana tsawa a gaban kwastomomi, ba ma tashi sai bayan isha'i. An auna ni an ce jinina ya hau. Shi ya jawo mini?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ba zan ɗora masa duka ba, domin gado da gishiri da ƙiba da rashin motsa jiki suna da nasu kason. Amma kuma ba zan wanke shi ba. Faɗuwar gaban nan da kake ji, jikinka ne yake sakin sinadaran tsoro, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke. In sau ɗaya ne sai ya wuce. In kullum ne, daga Litinin zuwa Juma'a, barci ya lalace, jiki ya rasa lokacin da zai sauka.

An yi bincike a kan wannan. A 2009, Anna Nyberg ta cibiyar binciken lafiya ta Karolinska da ke ƙasar Sweden da abokan aikinta sun wallafa sakamakon bibiyar maza 3,122 masu aiki a Stockholm na kusan shekara 10. Waɗanda suka ce shugabansu yana sauraronsu, yana fayyace musu abin da ake so su yi, ciwon zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma alaƙar ta fi ƙarfi ga wanda ya daɗe a wuri ɗaya. Akwai kuma binciken Whitehall na biyu da Michael Marmot ya fara a Landan a 1985, kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000. Mutane sun ɗauka manya masu ɗawainiya ne zuciya take kayarwa, sai ga shi na ƙasa ta fi kamawa, musamman wanda ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai: yawan aiki ba ya cin mutum kamar aikin da aka ɗaure masa hannu a ciki.

Batun tashi bayan isha'i ma ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙarar masa da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40.

To, me za ka yi? Sayi na'urar awon jini. Ka zauna minti 5, ka jingina bayanka, ka auna safe da dare har mako guda, ka rubuta a takarda ka kai wa likitanka. In ya ba ka magani, kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Don Allah kada ka je kemis neman ƙwayar barci. Ka nemi hutunka na shekara, in da hali ka nemi canjin reshe. Ranar da ka ji ƙirji ya danne, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, a kai ka asibiti nan take.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Zariya. Shugabarmu ta sa ni gaba har olsa ta kama ni.

Amsa: Malama, ɓacin rai yana tayar da zafin ciki, amma galibin gyambon ciki daga ƙwayar cutar H. pylori yake, ko daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Ki je a yi miki gwaji, tana da magani. In kin ga baƙin bayan gida ko jini a amai, kada ki jira gobe.

Tambaya: Ni ne nake kula da wani sashe a masana'anta a Kaduna. Yaran sun daina magana a taro, kullum wani ya kawo takardar asibiti. Ko lalaci ne?

Amsa: Na ji daɗi da ka tambaya, Yallaɓai, don ba kowane shugaba ne yake tsayawa ya yi ba. Kafin ka kira shi lalaci, duba ko sun ƙare ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta irin wannan gajiya ta wurin aiki da alamu uku: ƙarfi ya tafi, zuciya ta fita daga aikin, aikin da mutum yake yi ya daina kyau.

Shirun nan ya fi takardun damuna. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta binciki sassan asibiti a Amurka, ta tarar sassan da shugabanninsu suka fi kyau su suka fi kawo rahoton kuskuren magani. Ba don sun fi kowa kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Inda ake tsawa, kuskure ɓoye shi ake yi, kuma a masana'anta ɓoyayyen kuskure yatsan mutum yake ci.

Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka rufe ƙofa, ka tambayi kowa abin da yake hana shi aiki, ka bari ya gama magana. Gyara a keɓe, yabo a bainar jama'a. Ka sanar da jadawalin aiki da wuri, ka ba su dama su yi musanya a tsakaninsu. In wani ya ce maka ya shafe fiye da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ka ba shi rana ya ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana nan kusa da ku. Abin da ya faɗa maka kuma kada ya fita daga ofishinka.